Tukunya, Durom ko Tanki: Yadda Za Ku Zaɓi Abin Dafa Ruwan Zafi a Gida

Duk shekara, da zarar sanyi ya shigo a watan Disamba, mukan fara ganin yara masu ƙuna a ɗakin shan magani. Yawancinsu ba su kai shekara biyar ba, kuma labarin kusan iri ɗaya ne. An sauke tukunyar ruwan wanka, an ajiye ta a tsakar gida, uwa ta juya ɗauko bokiti, yaro ya zo da gudu ya faɗa ciki ko ya jawo ta kansa. Wani lokaci babba ne ake kawo mana, wanda wutar lantarki ta ja a banɗaki, ko dattijon da aka tarar a sume kusa da murhun gawayi cikin ɗakin da aka rufe ruf.

Ba wanda zai ce ku daina dafa ruwa. A watan Janairu sanyin asuba a Wad Madani da kewaye yakan sauko wajen digiri 14 ko 15, kuma jariri da tsoho da mai jego da majinyaci duk suna bukatar ruwan ɗumi. Abin da wannan ɗan littafi zai taimake ku da shi, maigida da uwargida, shi ne zaɓen abin da za ku riƙa dafa ruwan a ciki da ajiye shi, daidai da yawan iyalinku da ƙarfin aljihunku da irin ruwan da kuke samu.

Ku fara da tambaya: ruwan me muke so?

Bukata uku ce ke sa a ɗora ruwa a wuta, kuma kowacce da irin zafin da take nema.

Ta farko ruwan sha. Shi dole ne ya tafasa, ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya cikakke, kafin a sauke. Ɗumi kawai ba ya wadatarwa. Cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a jihohin Shuɗin Nilu da Sinnar a 2019, ta kuma sake dawowa bayan yaƙin da ya fara a watan Afrilu na 2023. Ta cikin ruwan sha take shiga gida.

Ta biyu ruwan wanka da wanke-wanke. Wannan ba ya bukatar ya kai jikin mutum da zafi sosai. Digiri 37 zuwa 40 ya isa, wato ɗan sama kaɗan da ɗumin jikinku.

Ta uku ruwan jinya: wankan jariri, wankan mai jego, wanke ciwo, wanke kwanon majinyaci. A nan ana neman tsabta da ɗumi gaba ɗaya, don haka a tafasa shi tukuna, a bar shi ya huce.

Mazubi ɗaya ba zai iya yi muku duka ukun da kyau ba. Gida mai tsari yakan ware tukunya ɗaya ta ruwan sha kaɗai, ba a wanka da ita, ba a jiƙa tufafi a cikinta.

Ruwan da muke ɗebowa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, rayuwar ƙauyukanmu ta ɗauru da magudanar ban ruwa, wato tur'a. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa Managil, aka kuma gina madatsar Rusairis kusa da Damazin a 1966. Ruwa ya kawo auduga da dawa da gyaɗa da alkama. Ya kuma kawo wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a cikin ciyawar bakin tur'a, waɗanda ke ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da ake kira bilharsiya.

Wannan tsutsa ido ba ya ganinta, kuma ba sai an sha ruwan take shiga mutum ba. Fata take hudawa lokacin wanka ko wanki ko alwala. Iri ɗaya tana sa fitsarin jini, ɗayan kuma yana kama hanji da hanta, har ciki ya kumbura bayan shekaru. Saboda ita da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ne aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka yi kusan shekara goma ana aiki. Cutar ta ragu a lokacin, amma ba ta ƙare ba.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Tsutsar ba ta jure zafi: idan ruwa ya kai digiri 50 ya zauna haka minti biyar, ta mutu. Ba ta kuma daɗewa da rai in ba ta samu jikin mutum ba: ruwan da aka ɗebo aka rufe a durom na kwana biyu, babu dodon koɗi a ciki, ya zama lafiyayye don wanka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tafasa ɗan ruwa, sannan a surka da ruwan da aka ɗebo daga tur'a yanzu-yanzu. Haɗin zai tsaya wajen digiri 40, tsutsar kuma tana nan da ranta. Ruwan surki ma sai ya zama wanda ya kwana biyu, ko na famfo, ko na rijiyar burtsatse. Saboda haka gidan da ke ɗiba daga tur'a yana bukatar mazubin ajiya biyu: ana amfani da ɗaya, ɗayan yana cika kwanakinsa.

Sai maganar laka. Daga Yuli zuwa Satumba kogin Shuɗin Nilu yakan cika ya taho da jar ƙasa daga tsaunukan Habasha. Ruwa mai laka yana toshe bututu, yana kwantawa a gindin tanki, yana cinye ƙarfen da ke dumama ruwa. A bar shi ya kwanta tukuna a randa, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Matan bakin kogi sun daɗe suna amfani da alam, wanda Larabawa ke ce wa shabb, ko dakakkun 'ya'yan zogale, don lakar ta sauka da sauri. Dabara ce mai kyau, amma ruwan da ya yi garau ba lalle ne ya rabu da ƙwayoyin cuta ba. In na sha ne, a tafasa.

Lissafin yawan ruwa

Kafin ku tafi kasuwa, ku zauna ku ƙirga. Babban mutum yana wanka sosai da bokiti mai cin lita 20, yaro kuma rabin haka.

Idan tafasasshen ruwa ne, a lokacin sanyi kashi ɗaya nasa yana ɗaukar kashi uku na ruwan sanyi. Wato lita 5 na tafasasshe da lita 15 na sanyi sun cika bokitin wanka mai ɗumi. Idan ruwan tanki ne mai zafin digiri 60, rabi da rabi ake yi: lita 10 na zafi, lita 10 na sanyi.

Mu ɗauki gida mai manya huɗu da yara huɗu. Wankansu duka zai ci bokiti shida, wato lita 120 na ruwan ɗumi. Da tukunya, lita 30 na tafasasshen ruwa sun isa. Da tanki, ana bukatar lita 60. Kun ga ke nan yawancin gidaje ba sa bukatar ƙaton tanki mai cin lita 100 ko 150. Idan ma ba lokaci ɗaya kowa ke wanka ba, wasu da asuba wasu da yamma, tanki mai lita 50 ya wadatar. Babban mazubi ya fi cin itace ko wuta, ya fi nauyi, kuma ruwan da ya rage a ciki hucewa yake yi a banza.

Tukunya a kan murhu

Ita ce a kusan kowane gida, kuma ba laifi gare ta in an kiyaye. Ku zaɓi mai faɗin gindi da marfi da hannu biyu masu ƙarfi. Marfi yana sa ruwa ya tafasa da wuri, ya rage cin itace da gawayi. Kada ta fi ƙarfin wadda za ta sauke ta: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tukunya mai lita 30 nauyinta ya wuce kilo 30, ga zafi. Gara tukunya biyu matsakaita da ɗaya ƙatuwa. In kuwa babbar ce kuke da ita, a bar ta a kan murhu a riƙa ɗiba da moɗa mai dogon hannu, kada a ɗauke ta cike a ratsa tsakar gida.

Murhun ya zauna daram, a lungun da yara ba sa wasa. In da hali a kewaye shi da ɗan gini mai tsayin gwiwa ko fiye. Tubali kaɗan da laka sun isa wannan aiki, kuma ya fi duk wani magani da za mu shafa wa yaro daga baya.

Kada a shigar da murhun gawayi cikin ɗaki ko banɗaki a rufe ƙofa don a ji ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da nauyin barci, kuma mutum yana iya wucewa cikin barcin. Duk wanda kuka gani da waɗannan alamu kusa da gawayi, ku fito da shi sarari nan take, ku kawo shi asibiti.

Durom

Gida mai yawan jama'a, ko gidan da ake jego, yakan yanka durom, wato barmil, a ɗora a kan duwatsu. Abu na farko da za ku tambayi mai sayarwa shi ne: me ke cikin wannan durom a da? A ƙasar auduga muke, kuma duroma da jarkoki da yawa da ke yawo a kasuwa na maganin feshi ne. Wanki da sabulu ba ya fitar da wannan guba gaba ɗaya, zafi kuma yana ƙara narkar da ita cikin ruwa. Tana shiga ta fata kamar yadda take shiga ta baki. Durom ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fetur, ko baƙin mai, ko wanda ba a san asalinsa ba, kada ya ga ruwan gidanku ko da kyauta aka ba ku. Ku nemi wanda aka zuba man girki ko wani abin ci a cikinsa.

A daddake bakin da aka yanka don kada ya yanki hannu. A yi masa marfi mai nauyi, domin ƙaramin yaro yana iya faɗawa da ka cikin durom ko da ruwan sanyi ne ya nutse. Marfin kuma yana hana sauro yin ƙwai. Jarkar roba ta ajiyar ruwan sanyi ce. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa ta, tana iya fashewa a hannun mai ɗauka.

Flas

Ƙaramin abu ne, amma a gidan da ke da jariri ko majinyaci ya fi babban tanki amfani. Flas mai lita 2 ko 3 da aka cika da tafasasshen ruwa da daddare zai ba ku ruwan zafi mai tsabta har asuba, ba sai an hura wuta cikin duhu ba. Mai cikin ƙarfe ya fi mai cikin gilashi jure faɗuwa. A ajiye shi a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, ruwa kaɗai kuma za a riƙa zubawa a ciki. Nonon uwa shi ne abincin jariri har wata shida. Amma idan larura ta sa ma'aikacin lafiya ya ce a ba da madarar gwangwani, da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba ake dama ta, sannan a bar ta ta huce kafin a ba shi.

Zafin rana

Rana ba ta yanke mana a wannan ƙasa, ko a lokacin sanyi. Baƙar jarka ko baƙin durom da aka cika da safe aka ajiye a rana zai ba ku ruwan wankan yamma ba tare da an ƙona ko tsinke ba. Wannan ɗumi na wanka ne kawai, bai mai da ruwan ya zama na sha ba, kuma ba za ku tabbata ya kai zafin da ke kashe tsutsar tsargiya ba, don haka ruwan da ya kwana biyu za a zuba.

Akwai kuma tankin rana na kanti, mai jerin bututun gilashi a ƙasa da tanki kwance a sama. Ruwan da ya yi zafi a bututun yana hawa tankin da kansa, mai sanyi yana sauka, ba injin ba waya. Yana da tsada a farko, amma ba ya cin kuɗin wata, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ku lura da abu huɗu. Tanki mai lita 150 idan ya cika, shi da ƙafafunsa sun kusa kilo 200, rufin laka ko na zinki ba zai ɗauka ba, sai a yi masa marayar ƙarfe ko ginin siminti. Yana bukatar ruwa mara laka da ke zuwa daga tankin sama ko famfo. Ƙurar habub tana rufe gilashin, sai ana gogewa. Idan kuma ruwa ya ƙare ya zauna fanko cikin rana, kada a zuba masa ruwan sanyi da tsakar rana, gilashin zai tsage. A bari sai dare ko asuba. A watannin zafi ruwansa yakan kusa tafasa, don haka kada yaro ya buɗe famfonsa shi kaɗai.

Tankin lantarki

Shi ne wanda a kasuwar Wad Madani ko Sinnar ko Damazin ake kira sakhan. Tankin ƙarfe ne mai rufi biyu, a tsakaninsu akwai abin da ke riƙe zafi. A cikinsa akwai ƙarfen dumama ruwa da maɓallin daidaita zafi, wanda ke kashe wutar da kansa idan ruwa ya kai inda aka saita. Ana samun mai lita 30, da 50, da 80, da 100.

Kafin ku saya, ku amsa wa kanku tambaya uku. Wuta tana zama a garinku? Tanki mai lita 50 da ƙarfen dumama mai wat 1500 yana bukatar kamar awa ɗaya da rabi kafin ya kai ruwan sanyi zuwa digiri 60, kuma zai ci wuta sama da kilowat-awa 2 kowane zagaye. Ƙaramin faifan sola na fitila da cajin waya ba zai iya ɗaukarsa ba. Kuna da ruwan famfo ko tankin sama? Sakhan ba a cika shi da bokiti, ruwa mai ƙarfi ne ke shiga ta ƙasa ya turo na zafi waje. Bangonku zai ɗauka? Mai lita 50 idan ya cika ya doshi kilo 70. Bangon laka ba ya riƙe ƙusar da ke ɗauke da irin wannan nauyi, sai bangon jan bulo da siminti ko marayar ƙarfe. Idan amsar ɗaya daga cikin ukun a'a ce, ku bar kuɗinku a aljihu, ku gyara murhu ku sayi flas.

Idan duka ukun e ne, ga abin da ba a sassauci a kansa. Dole a haɗa wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta ta kai ta cikin ƙasa idan ƙarfen dumama ya huje. In babu ita, jikin mai wanka ne zai zama hanyar wutar. Dole a sa bawul ɗin tsaro a bututun shigar ruwa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, bawul ɗin ne ke rage matsin, shi ya sa za ku ga yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Wannan ɗigar aikinsa ce. Duk wanda ya toshe shi don ya hana ɗiga ya mai da tankin abin da zai iya fashewa ya rushe bango. Makunnin wutar ya kasance a wajen banɗaki, a kashe kafin a shiga wanka. Kada a kunna tankin babu ruwa a ciki, ƙarfen zai ƙone cikin ɗan lokaci. Sau ɗaya a shekara, bayan ruwan kogi ya washe, mai gyara ya zubar da ruwan ya kwashe lakar da ta kwanta, ya duba sandar da ke cikin tankin mai hana tsatsa, ya sauya ta in ta cinye. Wanda ya koyi aikin wuta ne zai haɗa muku, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado.

Game da tsohon tanki na hannu: ku duba gindinsa da wajen haɗin bututu. In akwai tsatsa ko alamar an yi masa walda, ku bar shi.

Abu biyu da muke roƙonku ku guje musu

Na farko ita ce 'yar hitar nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ake jefawa cikin bokiti, balle wadda ake haɗawa a gida da waya da ƙusa ko reza. Muddin tana kunne, ruwan bokitin yana iya ɗaukar wuta, wanda ya tsoma hannu don ya ji ɗumi yana iya mutuwa nan take. In ba makawa sai an yi amfani da ta kanti, a cire ta daga soket tukuna kafin kowa ya taɓa ruwan ko bokitin, kuma kada a bar ta da yara a ɗaki.

Na biyu hitar gas da aka kafa cikin banɗaki mara taga. Ita ma tana fitar da iskar gubar nan ta gawayi. Wajenta waje ne, ko inda aka yi mata bututun fitar da hayaƙi.

Zafi nawa ya dace?

A cikin tanki, a saita digiri 60. Ƙasa da haka, musamman tsakanin 20 da 45, wata ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela tana hayayyafa a ruwan da ke zaune, ta shiga huhu ta hanyar feshin ruwa, ta kawo ciwon haƙarƙari mai tsanani. An gano ta ne bayan ta kama mahalarta wani taro a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Sama da 60 kuma ɓarnar wuta ce da ƙarin haɗari.

Amma ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin sakan biyar, ta yaro kuwa ta fi saurin ƙonewa domin ta fi laushi. Don haka kullum ruwan sanyi ake fara zubawa a bokiti ko baho, sannan a ƙara na zafi, a gauraya. A gwada da gwiwar hannu; tafin hannun mai aiki ya saba da zafi, yana ruɗin mutum. In gwiwar hannunku ta ji zafi, ya fi ƙarfin jariri. Mai ciwon sukari da wanda kuturta ta taɓa kashe masa jijiya ba sa jin zafi sosai a ƙafa da hannu, sai wani ya gwada musu. Mai farfaɗiya kada ya zauna shi kaɗai kusa da murhu ko tukunyar ruwan zafi.

Ruwan mai jego

Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno wanda garin da ke kudu da Sinnar ya ci sunansa, sun taho da al'adar wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, da ruwa mai tsananin zafi da ganye, ga kunun kanwa, wani wuri har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Babbar tukunya ko durom a gidaje da yawa don wannan aka saya.

Iya da goggo da ke tsaye kan wankan nan, alheri suke nufi, kuma hutun kwana arba'in da kulawar da mai jego ke samu abin riƙewa ne. Amma a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun lura mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake ɗora wa jiki. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna akwai wasu dalilai masu ƙarfi, irin su hawan jini lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka, zuciyar da ta riga ta gaji ba ta bukatar ƙarin kaya, kuma ƙunar da muke gani a bayan masu jego da cinyoyinsu ba ta da wata fa'ida.

Shawararmu ita ce a tafasa ruwan saboda tsabta, a surka shi har gwiwar hannun mai yi mata wankan ta iya zama a ciki ba tare da ta janye ba. A rage kanwa ƙwarai, a ba ta wake da ƙwai da kifi da nono da ganye. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki ta bi abin da ungozomar asibiti ta faɗa mata. Idan mai jego ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, ko tari ya hana ta barci, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara zafin ruwa. Ku kawo ta a ranar.

Idan an ƙone

A cire tufafin da ruwan zafi ya jiƙa da sauri, sai dai wanda ya manne da fata, shi a bar shi. A yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, sauran jikin yaron kuma a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro kafin wuri ya kumbura. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko toka, ko man girki, ko kashin dabba. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta. A kawo shi asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannunsa girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko fatar ta yi fari ko baƙi, ko kuma jariri ne ko tsoho, komai ƙanƙantar ciwon. A kan hanya a ci gaba da ba shi nono ko ruwa in yana iya sha.

A taƙaice

Gidan da babu famfo babu wuta: tukunya matsakaiciya mai marfi a kewayayyen murhu, durom biyu masu tsabta na ajiya, baƙar jarka a rana, da flas. Gidan da ke da famfo amma wuta ba ta zama: tankin rana, in da hali. Gidan da ke da famfo da wuta da bango mai ƙarfi: sakhan mai lita 50, ko 80 in mutane sun haura goma, da wayar ƙasa da bawul ɗin tsaro.

Tambayoyi don tattaunawa a gida ko a taro

1. A ina ake ajiye tukunyar ruwan zafi a gidanku, kuma yaro mai rarrafe zai iya kaiwa wurin?
2. Me ke cikin durom ɗinku kafin ku saye shi?
3. Ruwan da kuke surki da shi, kwana nawa ya yi da ɗebowa?
4. Wa ke gwada ruwan wankan jariri da na mai jego, kuma da me yake gwadawa?